Yadda Kwamfuta Ke Ƙidayar Kwanaki a Kalandun Duniya

Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin sakandare a Kano ko Damagaram yawan watannin da ke cikin shekara, nan take zai ce 12, malaminsa kuma ya ba shi cikakken maki. Da za a yi wannan tambaya a birnin Adis Ababa na ƙasar Habasha, amsar da za a karɓa ita ce 13. A Isra'ila kuwa ko ƙasar Sin, wanda ya san kalandar gargajiyarsu sai ya fara tambayar wace shekara ake nufi, domin wata shekarar tana da wata 12, wata kuma tana da 13. Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka nan kowace al'umma da irin yadda take ƙidayar kwanakinta.

A da can wannan bambanci bai dami kowa ba sai fatake da matafiya da masana tarihi. Yanzu kuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ita ce ke riƙe da ranar haihuwar mutum, da ranar biyan albashi, da ranar ƙarewar wa'adin magani, da ranar tashin jirgi. Manhaja, wato jerin umurnin da kwamfuta ke bi wajen yin aiki, akan rubuta ta a ƙasa guda amma a yi amfani da ita a ƙasashe barkatai. Idan ba ta san kalandar masu amfani da ita ba, tana iya mai da jariri ɗan shekara takwas, ko ta ƙi karɓar ranar da kowa ya shaida an yi ta. Wannan maƙala za ta bayyana tushen bambancin kalandu, da dabarar da masu rubuta manhaja ke bi wajen haɗa su, da kuma wuraren da dabarar ke gazawa.

Tushen Bambancin

Abubuwa uku ne ɗan Adam ya dogara da su wajen auna lokaci. Na farko shi ne juyawar da duniya ke yi a kan kanta, wadda ke haifar da dare da rana. Na biyu shi ne zagayen wata daga tsayuwa zuwa tsayuwa, wanda ke ɗaukar kimanin kwana 29.53. Na uku shi ne kewayen da duniya ke yi wa rana, wanda ke ɗaukar kimanin kwana 365.2422, kuma shi ke kawo bazara da damina da kaka da hunturu. Sauran halittu ma da waɗannan suke auna nasu lokacin. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina, gawo yakan kaɗe ganyensa idan ruwa ya sauka, dabbobin murjani na tekun Ostiraliya kuwa sukan saki ƙwayayensu 'yan kwanaki bayan cikar wata.

Matsalar ita ce waɗannan ma'aunai uku ba sa raba juna daidai. Wata 12 kwana 354.37 ne, wato sun gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Ita kanta shekarar ranar tana da ɓurɓushin kusan rubu'in kwana a ƙarshenta. Kowace kalanda a duniya ƙoƙari ne na sanin yadda za a yi da wannan rara, kuma al'ummu sun bi hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce bin rana. A shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, shugaban Rum Yuliyas Kaisar ya tsara shekara mai kwana 365, da ƙarin kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu. Irin wannan shekara mai ƙarin kwana ita ce malaman hisabi ke kira kabisa. Tsarin ya zarce shekarar gaskiya da kimanin minti 11, abin da ke taruwa ya zama kwana guda a cikin shekara 128. A 1582 Fafaroma Girigori na 13 ya yi gyara: aka kwana ranar Alhamis 4 ga Oktoba, aka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Aka kuma kafa ƙa'ida cewa shekarar da ta rabu da 4 kabisa ce, sai dai in ta rabu da 100, amma in ta rabu da 400 ta koma kabisa. Wannan ita ce kalandar Miladiyya da ake aiki da ita a ofisoshi da makarantu. Habasha ma rana take bi, sai dai tana da wata 12 masu kwana 30 kowanne, da ɗan ƙaramin wata na 13 mai suna Pagume, mai kwana 5 ko 6. Shekararta tana kamawa ranar 11 ko 12 ga Satumba, kuma tana bayan Miladiyya da shekara 7 ko 8. A Iran watanni shida na farko kwana 31 ne, biyar na biye kwana 30, na ƙarshe kuma 29 ko 30.

Hanya ta biyu ita ce bin wata zalla, kamar kalandar Hijira da aka kafa a zamanin Halifa Umar, aka fara ƙidayarta daga shekarar 622 Miladiyya. Shekararta kwana 354 ne ko 355, shi ya sa watan Azumi ke matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, har ya zagaye dukkan yanayoyi a cikin kusan shekara 33.

Hanya ta uku ita ce haɗa biyun. Kalandar Yahudawa tana bin wata, amma a cikin kowace shekara 19 tana ƙara wata na 13 har sau 7, domin wata 235 sun yi kusan daidai da shekarar rana 19. Don haka shekararsu tana iya zama kwana 353, 354, 355, 383, 384 ko 385. Kalandar gargajiya ta ƙasar Sin ma tana ƙara wata, shi ya sa sabuwar shekararsu ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu.

Akwai kuma ƙasashen da suka ɗauki watannin Miladiyya amma suka riƙe nasu lissafin shekaru. A Tailan ana ƙara 543 a kan shekarar Miladiyya. A Japan ana ƙidaya shekaru daga hawan sarki mai ci.

Dabarar Lamba Guda

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne kwamfuta ba ta san wata ko shekara ba. Abin da ta iya shi ne ƙidaya. Saboda haka masu rubuta manhaja sukan zaɓi wata rana su mai da ita mafari, daga nan kowace rana a ba ta lambarta bi da bi, ba tare da kula da wata ko shekara ba. Kalanda kuwa sai ta zama tamkar tafinta, mai fassara wannan lamba zuwa sunan da mutane suka sani.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A 1583 wani malami Bafaranshe mai suna Joseph Scaliger ya tsara wani dogon zango da ya fara daga shekara ta 4713 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya masana taurari suka riƙa ƙidaya kwanaki daga farkonsa. A wannan ƙidaya, tsakar ranar 1 ga Janairun 2000 ita ce rana ta 2,451,545. Ga sunayen da wannan lamba guda ke amsawa:

A Miladiyya, 1 ga Janairu, 2000.
A kalandar Kaisar, 19 ga Disamba, 1999.
A Hijira bisa lissafin Saudiyya, 24 ga Ramalan, 1420.
A Habasha, 22 ga Tahsas, 1992.
A Iran, 11 ga Dey, 1378.
A kalandar Yahudawa, 23 ga Tevet, 5760.
A Tailan, 1 ga Janairu, 2543.
A Japan, 1 ga wata na ɗaya, shekara ta 12 ta zamanin Heisei.

Amfanin wannan hanya a fili yake. A ce akwai kalandu 10, ana son a iya juya kowace zuwa kowace. In za a bi su ɗaya bayan ɗaya, sai an rubuta ƙa'idojin juyi 90, wato 10 sau 9. In kuwa akwai lamba a tsakiya, ƙa'ida biyu kawai kowace kalanda ke buƙata, ɗaya ta shiga lamba, ɗaya ta fita, jimla 20 ke nan. Aikin da kuɗi ke yi a kasuwa ke nan: maimakon a san gero nawa ke sayen akuya, akuya nawa ke sayen gishiri, sai a san farashin kowanne da kuɗi. Bugu da ƙari, sanin tazarar da ke tsakanin ranaku biyu ya zama ɗebewa kawai. Ranar mako ma raba lambar da 7 ne ke nuna ta. In aka raba 2,451,545 da 7 saura 5, kuma in sifiri Litinin ce, to 5 Asabar ce, kuma lallai ranar Asabar aka shiga shekarar 2000.

Kwamfutoci masu yawa da daƙiƙoƙi suke ƙidaya. Tsarin Unix, wanda daga zuriyarsa manhajojin wayoyin hannu na yau suka fito, yana ƙidaya daƙiƙa daga tsakar daren da aka shiga 1 ga Janairun 1970, agogon GMT. Ma'anar dai guda ce.

Inda Lissafi Ke Tsayawa

Da a ce duk kalandu lissafi ne tsantsa kamar Miladiyya da ta Habasha, da aiki ya ƙare a nan. Amma akwai waɗanda hukuncinsu yana sama, ko yana hannun mutane.

Misali mafi kusa da mu shi ne kalandar Hijira. Masana lissafi sun daɗe da tsara mata jadawali: a cikin kowace shekara 30 akwai kabisa 11, jimlar kwanaki 10,631, watanni kuma suna karɓa-karɓa tsakanin kwana 30 da 29. Wannan jadawali yana da sauƙin sa wa kwamfuta. Saudiyya tana da nata tsarin mai suna Ummul Ƙura, wanda ya dogara da lissafin faɗuwar rana da wata a Makka. A Nijeriya kuwa, kamawar wata tana tabbata ne idan an gan shi, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa. Nijar ma hukumominta ke ba da tata sanarwar, kuma yakan faru ƙasashe maƙwabta su saɓa da kwana ɗaya. Kwamfuta tana iya lissafa lokacin haihuwar jinjirin wata, har ta faɗi ko akwai yiwuwar ganinsa, amma ba za ta san ko hadari ko ƙurar hunturu za su rufe sama ba, balle ta san ko za a karɓi shaidar wanda ya ce ya gani. Shi ya sa ranar Hijira da wayar hannu ke nunawa takan saɓa da wadda aka sanar a gari. Ba lalacewa wayar ta yi ba, wani jadawalin take bi. Ƙungiyar Unicode, wadda ke daidaita haruffa da al'adun rubutu na kwamfutocin duniya, ta ware wa kalandar Hijira sunaye biyar a kundinta, kuma biyu daga ciki bambancinsu kawai shi ne ko ƙidayar ta fara daga 15 ko 16 ga Yulin 622. Manhajar Windows kuwa tana bai wa mai amfani da ita damar ƙara ko rage kwana ɗaya ko biyu da hannunsa.

Haka kuma kalmar Hijira kanta tana iya ruɗa manhaja. Iran ma daga hijirar take ƙidaya, amma da shekarun rana. A watan Yulin 2024, lokacin da shekarar wata ta 1446 ta kama, Iran tana cikin 1403. Sabuwar shekararta, Nauruz, tana kamawa ne bisa lokacin da dare da rana ke daidaita a watan Maris, abin da ke buƙatar lissafin falaki.

A Japan hukuncin na gwamnati ne. Sarki Akihito ya yi murabus ranar 30 ga Afrilun 2019, zamanin Heisei ya ƙare, washegari aka shiga zamanin Reiwa. Ba a bayyana sabon sunan ba sai ranar 1 ga Afrilu, wato wata ɗaya tak aka bai wa bankuna da ofisoshi da kamfanoni su gyara manhajojinsu. Shekarar 2019 ta zama mai suna biyu: Heisei 31 daga Janairu zuwa Afrilu, Reiwa 1 daga Mayu. A watan Mayun ne Unicode ta fitar da bugu na 12.1 domin ƙara harafi guda ɗaya kacal, na sunan sabon zamanin.

Darasin shi ne: irin waɗannan kalandu suna buƙatar jadawali da za a riƙa sabuntawa, kuma ranar da ke gaba a cikinsu hasashe ce har sai an tabbatar.

Tarkunan da Ke Kan Hanya

Tarko na farko shi ne shekarar kabisa. Shekarar 1900 ba kabisa ba ce, domin ta rabu da 100 amma ba ta rabu da 400 ba. Tsohuwar manhajar lissafi Lotus 1-2-3 ta ɗauke ta kabisa, Excel kuma ta gaji wannan da gangan domin ta dace da ita, don haka tana karɓar 29 ga Fabrairun 1900, ranar da ba a taɓa yi ba. Ranar 31 ga Disamban 2008 wani samfurin na'urar sauraren kiɗa mai suna Zune ya sandare a faɗin duniya, saboda manhajarsa ta kasa fita daga lissafin kwana na 366. A Tailan kuwa shekarar 2567 ba ta rabu da 4 ba, amma tana da 29 ga Fabrairu, domin ita ce 2024. Manhajar da ta gwada ƙa'idar a kan 2567 kai tsaye za ta ƙi karɓar ranar haihuwar duk wanda aka haifa a wannan rana.

Tarko na biyu shi ne zaton cewa wata 12 ne iyaka. A ce an haifi yaro a Habasha ranar 5 ga Pagume, 2015, wadda ta yi daidai da 10 ga Satumban 2023, aka rubuta 5/13/2015. Manhajar da ke bin tsarin Ingila za ta ƙi karɓa, ta ce babu wata na 13. Wadda ke bin tsarin Amurka, mai fara rubuta wata kafin rana, za ta karɓa ba musu a matsayin 13 ga Mayun 2015. Wannan ya fi muni, domin jariri ya zama ɗan shekara takwas a takarda. In da wannan takarda ake tsara allurar rigakafi ko auna magani, to kuskuren ya tashi daga takarda ya koma jikin yaro.

Tarko na uku shi ne farkon kwana. A wurin kwamfuta sabuwar rana tana shiga ƙarfe 12 na dare. A kalandar Hijira da ta Yahudawa kuwa da faɗuwar rana take shiga. Bahaushe ya san wannan, domin idan ya ce daren Juma'a, daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi. Jaririn da aka haifa bayan magariba yana da kwanan watan Hijira na gobe, alhali Miladiyya ba ta motsa ba.

Tarko na huɗu shi ne ma'anar shekara da wata. Shekara 60 ta Hijira kimanin kwana 21,262 ce, wato shekarar rana 58 da wata biyu da 'yan kwanaki. Manhajar fansho ko ta bashi dole ta san wace shekara doka ke nufi. A watan Oktoban 2016 gwamnatin Saudiyya ta mai da biyan albashin ma'aikata daga watannin Hijira zuwa na Miladiyya, wato albashi 12 ya koma na kwana 365 maimakon 354. Shi ma mai nazarin halittu da ke tattara alƙaluman yaɗuwar sauro ko zazzaɓi, in ya jera su bisa watannin Hijira, ba zai ga alaƙarsu da damina ba, domin Rajab na bana da na shekara 16 baya suna cikin yanayoyi mabambanta.

Tarko na biyar shi ne tarihi. Ƙasashe ba su karɓi gyaran Girigori lokaci guda ba. Ingila da yankunan da take mulka sun tsallaka daga 2 zuwa 14 ga Satumba a 1752. Rasha ta tsallaka daga 31 ga Janairu zuwa 14 ga Fabrairu a 1918. Tsohuwar takarda mai kwanan wata ba ta da cikakkiyar ma'ana sai an san ƙasar da aka rubuta ta.

Tarko na ƙarshe shi ne cikar ma'aji. Tsofaffin kwamfutoci suna ajiye daƙiƙoƙin Unix a gurabe 32 na sifiri da ɗaya, kuma lamba mafi girma da ke shiga ita ce 2,147,483,647. Za a kai ta ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya da Nijar. Na'urar da ba a faɗaɗa ma'ajinta zuwa gurabe 64 ba tana iya ɗauka ta koma Disamban 1901.

Ƙa'idoji ga Mai Rubuta Manhaja

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji biyar. Na ɗaya, a ajiye rana a matsayin lamba guda, a fassara ta zuwa kalandar mai karatu lokacin nunawa kawai. Na biyu, in mutum ya ba da kwanan wata a kalandarsa, a ajiye shi yadda ya bayar tare da sunan kalandar da irin jadawalinta, domin asali ya fi fassara. Na uku, wajen musayar bayanai tsakanin kwamfutoci a bi ƙa'idar duniya mai lamba ISO 8601, wadda aka fara fitarwa a 1988: shekara, sai wata, sai rana, kamar 2023-09-10. Na huɗu, kada mutum ya ƙirƙiri nasa lissafin alhali akwai wanda masana suka daɗe suna tacewa. Rumbun manhaja mai suna ICU yana ɗauke da kalandun da aka ambata a sama, harshen Java kuma tun daga 2014 ya zo da sabon tsarin lokaci mai ɗauke da kalandun Hijira da Japan da Tailan da Taiwan. Mai son zurfafawa yana da littafin Calendrical Calculations na Nachum Dershowitz da Edward Reingold, wanda aka fara bugawa a 1997. Na biyar, a gwada manhaja da ranaku masu wuya, kamar 29 ga Fabrairu, da 6 ga Pagume, da 30 ga Zulhajji, tun kafin ta isa hannun jama'a. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

A taƙaice, kwamfuta ƙidaya kawai take yi, mutane ne ke raɗa wa kwanaki suna. Inda sunan ya fito daga lissafi, na'ura ba ta da matsala. Inda ya fito daga ganin ido ko sanarwar hukuma, dole manhaja ta bar ƙofar gyara a buɗe. Ɗaliban da ke karanta wannan mujalla sun tashi da kalandu biyu a gida, ga kuma lissafin damina da rani na manoma, don haka sun riga sun san abin da yawancin masu rubuta manhaja sai sun koya: kwanan wata ba ya cika sai an faɗi kalandarsa.

Aikin Aji

1. Wace ce kabisa a cikin waɗannan shekaru: 1900, 1996, 2000, 2100, 2400? A kawo dalili.
2. Idan 1 ga Janairun 2000 ita ce rana ta 2,451,545, mece ce lambar 1 ga Janairun 2001? A raba ta da 7 a gano ranar mako.
3. Mutumin da ya cika shekara 40 ta Hijira, kwana nawa ya yi a duniya, kuma shekara nawa ke nan ta Miladiyya?
4. Shin shekarar 2571 ta Tailan tana da 29 ga Fabrairu?
5. Malami ya sa ɗalibai su kwatanta ranar Hijira da ke cikin wayar hannu da wadda aka sanar a gari har tsawon wata shida, su rubuta sau nawa suka saɓa, sannan a tattauna dalili.